Layi Ɗaya da Ban Sa Ba

Kallon kitse kuke yi wa rogo. Kun ga dattijo zaune a shago ƙarƙashin fanka yana kallon baƙin allo, sai kuka ɗauka aikin nan zaman banza ne, in inji ya tsaya a kashe a kunna, shi ke nan an zama injiniya. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa wai duk abin da na sani yana cikin waya, minti goma ya ishe shi. To madalla. Ku gyara zama in ba ku labarin aiki ɗaya da na yi a Kurfi, in ya so kowa ya je ya nemo shi a wayarsa.

Ni ba da kwamfuta na fara ba, da rediyo na fara, a rumfar Malam Hamisu nan bayan tashar Dutsin-Ma, Allah ya jiƙansa. Mutumin nan in aka kawo rediyo ba ya yarda a kwance ko noti ɗaya sai ya gama yi wa mai ita tambayoyi: yaushe ta mutu, me take yi kafin ta mutu, wa ya taɓa ta bayan ta mutu. Wata rana wani masunci daga Zobe ya kawo tasa, Malam yana masallaci, na yi karambani na bubbuge ta, sai ga ta tana magana. Ina tsaye ina jiran yabo. Da ya dawo ya dube ni ya ce, "Ka tashe ta. To mi ya kashe ta?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ashe ba ka gyara komi ba, shaida kawai ka kora." Kwana uku masuncin ya dawo da rediyonsa yana faɗa.

Kafin in shiga labarin, bari in gaya muku kayan aikin, don na san rabinku gyaɗa kai kawai kuke yi. Saba ita ce babbar kwamfutar da ake ajiyewa a ɗaki guda, sauran kwamfutocin ofis suna ɗibar bayanai daga gare ta. A cikinta mukan gina wasu kwamfutocin da ba su da jiki, ba ka taɓa su da hannu, amma kowace tana tashi, tana aiki, tana mutuwa kamar ta gaske. Su muke ce wa bi'em. A cikin kowace bi'em akwai kanal, uban tafiyar da ke raba wa kowane aiki wurinsa da lokacinsa. In ƙaramin aiki ya faɗi, kanal ya share wurin a ci gaba. In kanal ne da kansa ya faɗi, komai ya tsaya cik.

Abin da kanal yake riƙe da shi a daidai lokacin da ya faɗi yana cikin memori, ita kuwa memori kamar allon makaranta take, ana kashe inji an wanke ta. Shi ya sa in bi'em ta mutu ba tashinta ake fara yi ba. Daga uwar sabar ake juye duk abin da ke cikin memorinta zuwa fayil ɗaya, a ajiye, sannan a tashe ta. Wannan fayil shi muke kira juye, kuma karanta shi ne sana'ata.

Wani asibitin kuɗi ne a Kurfi, ba zan faɗi sunansa ba. Ni na haɗa musu saba, na gina bi'em ɗaya mai riƙe da rajistar marasa lafiya, na jona mata ɗan injin buga kati da manajan wurin, Alhaji Mannir, ya sayo da kansa. Mutum uku ke zama a teburin rajista, kowa da ranakunsa. A cikinsu akwai Malama Saratu, matar aure ce mai 'ya'ya biyu, Hausa ta karanta a kwaleji. Ranar da nake haɗa kayan ita kaɗai ta yi mini tambaya. Ta ce, "Injiniya, ina zan samu haruffa masu ƙugiya? Ba na iya rubuta wa mutum sunansa ba daidai ba." Na ji daɗin tambayar, na saita mata a minti biyu, na tattara kayana na dawo gida, na manta da zancen.

Sai ga shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wanda bai yi wannan sana'a a shekarar nan ba, kada ya ce mini ya sha wuya. Da can in saba ta yi tari a Kurfi, daga nan shagon nake leƙa ta. Yanzu babu kira, babu intanet. Sai dai ina zaune direban motar haya ya tsaya bakin shago ya miƙo mini 'yar takarda: "Injiniya, kwamfuta ta mutu, ka zo." Kafin in samu mota, a cika ta, a wuce shingayen bincike in isa Kurfi, rana ta yi tsaka. In shiga in tarar komai yana aiki lafiya, Alhaji Mannir yana murmushi yana cewa, "Ai mun gyara, Injiniya. Zare waya muka yi muka mayar." Sau huɗu ana yi mini haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutanen nan sun taso ni daga Dutsin-Ma in zo in kalli allon da suka riga suka wanke.

A zuwa na huɗu ne na ji abin da ake faɗa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Injiniya, kada ka wahalar da kanka. Ba ka lura ba, sai ranar Saratu take mutuwa?" Na duba littafin zuwa aiki, sai na ga gaskiya ne, duk sau huɗun ita ce a tebur, kuma duk ranar awon masu ciki ne, ranar da matan ƙauye suke cika wurin. Daga nan zance ya tashi wai farar ƙafa gare ta, duk abin da ta taɓa sai ya lalace. Har aka tono cewa wai firjin gidansu ma ya ƙone bara. Yo firjin wa bai ƙone ba a garin nan?

Na samu Alhaji Mannir a ofis na ce, "Alhaji, don girman Allah, in ta sake mutuwa kada wanda ya taɓa ta. Ku koma takarda da biro, ku aiko mini. Ina so in ga abin da kanal yake yi lokacin da ya faɗi."

Ya ce, "Wane kanal kuma? Soja ya shigo cikin maganar?"

Na yi masa bayani. Ya ce ya gane, amma idonsa bai ce haka ba. Na sayi kwaɗo na rufe ɗakin sabar, na tafi da makulli a aljihuna.

Mako biyu ta sake faɗuwa, kuma a hannun Saratu. Wannan karon na same ta a mace kamar yadda nake so. Na juye memorin tsaf, na tashe ta, na dawo shago da juyen a jaka ina jin kaina sarki. Na buɗe shi da kayan karatuna, sai suka ce ba su san inda kanal yake ba.

Nan ne laifina yake, kuma ku buɗe kunne. Kanal na zamani ba ya zama wuri ɗaya. Duk tashin da inji ya yi, sai ya sauya masauki a cikin memori, da gangan, don kada ɓarayin intanet su san inda za su same shi. Kamar ruga ce da ta yi ƙaura: ka san tana cikin dajin, amma in ba wanda ya ce maka ga inda aka sauka, ka yi ta yawo. Uwar saba kuwa daga waje take juyewa, ba ruwanta da inda kanal ya sauka. Maganin abin ɗan ƙarami ne. A saitin bi'em ana ƙara layi ɗaya, wanda zai ba kanal wata 'yar taga. Duk lokacin da ya tashi sai ya miƙo wa uwar saba 'yar takarda ta tagar: ga irina, ga inda na sauka yau, ga inda rumbunan bayanaina suke. In aka zo juyewa, uwar saba ta liƙa takardar a goshin juyen, mai karatu ya tafi kai tsaye. Na san da wannan layin sarai. Ranar da na haɗa musu kayan ina saurin kama motar ƙarshe ta la'asar, na ce na sa wani zuwan, wani zuwan kuma bai zo ba.

Kwana goma ina lalube a cikin juyen nan da hannu. In ga abin da ya yi kama da kanal, in bi, in tarar da shirme. Har Katsina na je, inda ake da sabis, na sauko da littafin sunayen kanal ɗin, wato fayil ɗin da kayan karatu suke fassara juye da shi, wanda dole ya zama irinsa sak, in ya bambanta da ɗigo ɗaya ƙarya zai yi ta karanto maka. Duk da haka abin ya ƙi. Akwai waɗanda suka fi ni da za su iya tono shi, ban musa ba, amma ni dai ya gagare ni. Na haƙura na koma Kurfi, na ƙara layin, na sake tashin bi'em, na tabbatar takardar tana fitowa ta taga. Saura jiran faɗuwa ta gaba.

Ina fitowa daga ɗakin sabar na ga wani a teburin rajista, alhali ranar Saratu ce. Na tambaya, aka ce Alhaji ya ba ta takarda ta zauna gida sai an neme ta. Kowa a wurin ya san ma'anar sai an neme ta.

To ku ji abin haushi. Tun da ta tafi, injin nan ya ƙi mutuwa. Mako ɗaya, biyu, har shida, ko tari bai yi ba. Ni da nake addu'ar inji ya zauna lafiya shekara da shekaru, sai ga ni ina roƙon Allah ya kashe wannan. Duk zuwan da na yi Alhaji Mannir sai ya tare ni da fara'a: "Injiniya, ka gani ko? Mu ma mun iya gyara." Wallahi ji nake kamar in yi ihu. Na san ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da Saratu take yi da sauran ba sa yi, amma ba ƙafarta ba ce. Sai dai ba ni da shaida, kuma shaidar ba za ta zo ba sai ta dawo tebur.

Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni ita rana ɗaya, ranar awo."

Ya ce, "In ta kashe mana inji fa?"

Na ce, "Abin da nake so ke nan."

Ya daɗe yana kallona kamar wanda ya ga sabon mahaukaci, sannan ya ce rana ɗaya, kuma in ban kawo hujja ba a rufe maganar har abada.

Na je gidansu na yi sallama da maigidanta, Malam Sabi'u, muka zauna a zaure, ya kira ta ta tsaya daga bakin ƙofa. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce, "Malama Saratu, so nake ki zo ki yi aikinki yadda kika saba, kada ki sauya komai. Ina kyautata zaton zai mutu a hannunki, a gaban kowa. In ya mutu ina sa ran in gano dalili, amma ban yi miki alkawari ba."

Malam Sabi'u ya ce, "Injiniya, in ba ka gano ba fa? Ka ƙara mata wani a kan na da ke nan."

Na ce haka ne.

Ita kuwa ta ce, "Zan zo. Zaman gidan nan ma ai amsawa ne cewa ni ce mai laifin."

Ranar awo na isa tun da hantsi. Wurin ya cika maƙil da mata, wasu daga Barkiya a kan babura, wasu da goyo. Saratu ta zauna ta fara rajista, ma'aikata suna ta wucewa ta gabanta ba dalili, kowa yana satar kallo. Kati na ta fita lafiya har mutum ashirin da wani abu, ni kuma ina tsaye ina ƙirga su, don in injin bai mutu ba na rasa hujja. Gab da azahar ta shigar da sunan wata mata, ta danna a buga kati, allo ya daskare. Na ji wata daga baya ta ce, "Kun gani ko." Saratu ba ta juya ba, ta ɗora hannuwanta a cinya ta zauna. Ni kuwa na ruga ɗakin saba na juye memorin, sannan na sake tashin bi'em.

Wannan juyen ya buɗe kamar an shafa masa mai. Takardar tana goshinsa, kayan karatu suka tafi kai tsaye inda kanal ya sauka, suka jero mini ayyukan da yake ciki ɗaya bayan ɗaya har zuwa wanda ya kayar da shi. Direban injin buga kati ne, ba direban mota ba, ɗan shirin da ke zaune a jikin kanal yana yi masa tafinta da injin. Na bi sawu na leƙa abin da direban yake riƙe da shi, sai ga sunan matar nan kwance a memori: Ruƙayya Abdulƙadir Ɗan Barkiya.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Wanda ya rubuta direban ya tanadi gurbi talatin da biyu don suna. Shirin rajista yana ƙirga haruffa, ya ga talatin har da tazara, ya ce bismillah a wuce. Amma a memori harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci, ba ɗaya ba. Ƙugiya uku a sunan, talatin ya zama talatin da uku, ya tsallake iyaka ya taka kayan kanal, kanal ya kife. Gajeren suna mai ƙugiya yana wucewa lafiya, shi ya sa ba kullum abin ke faruwa ba, sai ranar da matan ƙauye suka zo ana haɗa musu da sunan miji da na gari don kada a rikita su. Sauran ma'aikatan biyu kuwa Rukayya suke rubutawa, da Dahiru, da Bilkisu, ba ruwansu da ƙugiya. Na zauna a ɗakin nan ina dariya ni kaɗai, dariyar takaici, don ni da hannuna na saita mata haruffan.

Na buga bayanin a takarda na kai wa Alhaji Mannir. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To ai ka ga ita ce dai."

Na ce, "Alhaji, ita ce ta yi mi? Ta rubuta wa mutane sunansu daidai?"

Ya ce, "Amma a hannunta yake mutuwa."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce ya taso. Na kai shi teburin rajista a gaban ma'aikatansa, na ce ya zauna, na nuna masa inda ƙugiyoyin suke, na karanto masa sunan harafi-harafi yana dannawa da yatsa ɗaya. Na ce ya danna bugu. Allo ya daskare a hannun Alhaji. Ya tashi ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ikon Allah. To a gyara, ita kuma ta dawo Litinin." Iyakar ban haƙurin da aka ba ta ke nan.

Gyaran bai ɗauke ni awa biyu ba. Na cire direban nan gaba ɗaya, na bi da bugun kati ta wata hanyar da ba ta shiga jikin kanal, na gwada da sunaye masu ƙugiya biyar-biyar, ko gezau. Tun daga ranar ban sake gina bi'em na bar ɗakin ba sai na sa layin nan, na kashe ta da gangan, na juye, na ga juyen ya karantu. Ko motar ƙarshe ce take tashi, ta tashi.

Ranar Litinin na koma don in tabbatar komai lafiya. Na tarar da ita a tebur tun kafin marasa lafiya su taru. Na miƙa mata kwafin takardar bayanin na ce ta ajiye, hujjarta ce. Ta karanta a hankali, ta ce, "Injiniya, da ma ana iya ganewa tun farko?"

Da na so da na ce a'a, ba ta da yadda za ta sani. Na ce, "Ana iyawa. Tun juyen farko ya kamata in gane, kafin a ba ki takarda. Akwai abin da ya kamata in sa ranar da na haɗa injin, ina sauri ban sa ba. Laifina ne, ki yafe mini."

Ta ce, "Allah ya yafe mana." Ta ninke takardar gida huɗu, ta riƙe ta a hannu, ba ta sa a jaka ba. "Ranar Asabar aka yi sunan ɗiyar ƙanwar maigidana. Ana ta miƙa jaririya hannu-hannu, da aka zo kaina uwar ta ce bari ta ba ta nono. Injin ka gyara shi, Injiniya, na gode. Matan unguwarmu fa, wa zai je ya karanta musu wannan?"

Ta juya ga allo, ta kira mace ta farko a layi, ta tambaye ta sunanta.